Sadaukar da albashi a Birtaniya: inda ribar take da inda ake biyan kuɗinta

Duk wanda ya kama aiki a Birtaniya, ba ya daɗewa ofishin kula da ma'aikata zai turo masa wani tayi mai wuyar shiga kai: ka yarda a rage maka albashi, kai kuma ka fita da riba. Takardun aiki suna kiran tsarin salary sacrifice, wato sadaukar da wani ɓangare na albashi a musanya shi da wata moriya da ba tsabar kuɗi ba, kamar ƙarin zubin fansho ko keke ko mota mai lantarki. 'Yan'uwanmu da suka tafi can aikin jinya, likitanci, injiniyanci ko kula da tsofaffi sun rabu biyu a kansa. Wasu suna sa hannu ba tare da sun karanta ba saboda abokan aiki duk sun sa, wasu kuma da jin an ambaci ragi sai su ja da baya. Kowanne ɓangare yana iya yin asara, domin tsarin yana da riba ta gaske, yana kuma da tsada ta gaske, kuma duka biyun daga wuri ɗaya suke fitowa: albashin da hukuma ta san ka da shi ya ragu.

Cire-cire biyu ne suke cin albashi a Birtaniya. Akwai harajin kuɗin shiga, wanda ba ya taɓa fam 12,570 na farko a shekara, sai ya ɗauki kashi 20 cikin ɗari har zuwa fam 50,270, kashi 40 daga nan zuwa fam 125,140, kashi 45 a kan abin da ya haura. Sukotlan tana da nata ma'aunin daban. Akwai kuma kuɗin inshorar ƙasa, wanda yake fitowa a takardar albashi da haruffan NI. Tun watan Afrilun 2024 ma'aikaci yana biyan kashi 8 a kan abin da ke tsakanin fam 12,570 da fam 50,270, sannan kashi 2 kacal a kan abin da ya wuce. Kamfanin da ya ɗauke ka aiki ma yana biyan nasa NI a kan albashinka, kuma nasa ya fi nauyi: a watan Afrilun 2025 an ɗaga shi daga kashi 13.8 zuwa kashi 15, aka kuma saukar da inda yake farawa daga fam 9,100 zuwa fam 5,000.

To, ga inda dabarar take. Idan kai ne ka zuba kuɗi a asusun fanshonka daga albashinka, gwamnati ta yafe maka harajin kuɗin shiga a kansu, amma NI ba ta yafe ba. Idan kuwa kamfani ne ya zuba, babu haraji, babu NI, ba a kanka ba kuma ba a kansa ba. Saboda haka sai a sauya wa kuɗin suna. Ka yarda a rubuce cewa albashinka ya sauka, kamfani kuma ya ɗauki daidai abin da aka rage ya zuba maka a fansho a matsayin nasa zubin.

A ce albashin mutum fam 36,000 ne a shekara, yana zuba kashi 5 cikin ɗari, wato fam 1,800. Ta tsohuwar hanya, bayan rangwamen haraji na fam 360, abin da ya fita daga aljihunsa fam 1,440 ne. Ta hanyar sadaukarwa, albashinsa ya koma fam 34,200 a takarda, fam 1,800 ɗin sun shiga fansho kamar yadda suke shiga, amma ya tsira da NI na fam 144, sai abin da ya rasa a hannu ya zama fam 1,296. Ba wani kuɗi ne na a zo a gani ba, fam 12 ne a wata, amma kuɗi ne da ba ka yi musu aikin komai ba, kuma shekara talatin ana tara su. Kamfanin kuwa ya tsira da fam 270 a kan wannan ma'aikaci shi kaɗai, kusan ninki biyu na abin da ma'aikacin ya samu. Ruwa ba ya tsami banza: idan ka ga ofishin ma'aikata yana ta tuna maka da fom ɗin, ga dalilin. Wannan ba aibu ba ne, doka ce ta ba da dama. Amma ya kamata ma'aikaci ya san cewa akwai kamfanonin da suke mayar da wannan rarar, duka ko rabi, cikin fanshon ma'aikacin, akwai kuma masu riƙe ta. Tambaya ce da ake iya yi kai tsaye, kuma amsarta ta fi fam 144 ɗin nan muhimmanci.

Mai karatu a Najeriya zai ga abin kamar a juye yake, kuma yana da gaskiya. Abin da ma'aikatan gwamnatin tarayya suka sani shi ne akasinsa: a 2003 gwamnatin Obasanjo ta mayar da gidan gwamnati da mota da direba zuwa kuɗi a cikin albashi. Kuma duk da cewa dokar fansho ta 2014 ta ɗora kashi 8 a kan ma'aikaci da kashi 10 a kan mai ɗaukar aiki, kuma ana cire zubin kafin a lissafa haraji, babu wani cire na biyu mai nauyin NI da za a kauce masa ta hanyar sauya wa zubin suna. Shi ya sa tsarin bai da wata babbar kasuwa a gida. Ɗan dokar harajin Birtaniya ne, a can ya yi tsiro.

Can ma an taɓa sakin sa ya yi yawa. Kafin 2017 kamfanoni suna bi ta wannan ƙofa su ba ma'aikata wayar hannu, kwamfuta, kuɗin gidan motsa jiki, wurin ajiye mota, har da motoci masu shan fetur. Ministan kuɗi na lokacin, Philip Hammond, ya sanar a watan Nuwamban 2016 cewa za a toshe, kuma daga Afrilun 2017 yawancin waɗannan kayayyaki suka rasa rangwamen haraji. Abin da aka bari kaɗan ne: fansho da shawarar ƙwararru a kansa, kula da yara, keken zuwa aiki, da motocin da hayaƙinsu bai wuce giram 75 a kowace kilomita ba. Takardun biyan kuɗin renon yara ma an rufe su ga sababbin shiga a watan Oktoban 2018. Keken, wanda aka soma tun 1999, ba ya buƙatar dogon bayani: ana cire kuɗinsa kaɗan-kaɗan kafin haraji, wanda zai hau shi da gaske ya ci riba. Manyan biyun da ake kai ruwa rana a kansu su ne fansho da mota.

Wanda ya fi kowa cin moriyar tsarin shi ne mai babban albashi, kuma ba don NI ba. Dokar harajin Birtaniya tana da wasu gaɓoɓi da ake faɗawa rami da zarar an tsallaka su. Mafi tsanani yana kan fam 100,000. Daga nan, duk fam 2 da ka ƙara samu ana zare maka fam 1 daga cikin fam 12,570 ɗin da ba a taɓawa, har su ƙare a fam 125,140. Sakamakon shi ne a wannan tsakanin, harajin da mutum yake biya a zahiri kashi 60 ne, ban da kashi 2 na NI. Injiniya mai fam 110,000 da ya sadaukar da fam 10,000 zuwa fansho, abin da ya ragu a hannunsa fam 3,800 ne kawai. Idan kuma yana da ƙananan yara a Ingila, saukowa zuwa fam 100,000 tana dawo masa da awa 30 na renon yara kyauta a mako, wanda tun Satumban 2025 ake bayarwa daga wata tara da haihuwa, da tallafin kuɗin reno da gwamnati ke ƙara fam 2 a kan kowane fam 8 da iyaye suka zuba har zuwa fam 2,000 ga kowane yaro a shekara. Duka biyun suna yankewa ƙaf idan ɗaya daga cikin iyaye ya wuce fam 100,000 ko da fam ɗaya ne. Akwai irin wannan gaɓa a kan kuɗin tallafin yara, wanda ake fara karɓe shi daga fam 60,000 har ya ƙare a fam 80,000. Zubin fansho na yau da kullum ma yana saukar da mutum daga waɗannan gaɓoɓi, sai dai sadaukarwa ta fi sauƙi, domin lissafin yana gyara kansa a takardar albashi ba sai an bi HMRC, hukumar harajin Birtaniya, ana neman a maido da rara ba. A nan akwai abin lura ga baƙo: wanda bizarsa ta hana shi taɓa kuɗin tallafin gwamnati ba ya samun yawancin waɗannan tallafin yara tun farko, don haka kada ya ɗauki lissafin abokin aikinsa ɗan ƙasa ya ɗora wa kansa.

Yanzu a duba ɗaya ƙarshen. Doka ta hana sadaukarwa ta saukar da albashin tsabar kuɗi ƙasa da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya kai fam 12.21 a awa daga Afrilun 2025, sannan fam 12.71 daga Afrilun 2026, ga wanda ya kai shekara 21. Manufar dokar kariya ce, kuma tana da kyau. Amma ma'anarta ita ce matar da take kwana tana juya tsofaffi a gidan kula da su, tana karɓar abin da bai fi wannan da komai ba, ƙofar a rufe take gare ta. Fam 100 a fanshonta yana cin ta fam 80. Mai matsakaicin albashi da ya sadaukar yana biyan fam 72, mai biyan kashi 40 yana biyan fam 58, injiniyan nan kuwa fam 38. Wannan jeri yana damuna ƙwarai, domin da yawa daga cikin mutanenmu da suka shiga Birtaniya a 'yan shekarun nan a layin farko suke, kuma su ne za su fi buƙatar fanshon idan ƙarfi ya ƙare. Mai sana'ar kansa, kamar direban tasi, shi ma ba shi da rabo, tunda ba shi da kamfanin da zai yi yarjejeniyar da shi.

Sai mota, wadda ita ce ta fi jan ido, ita ce kuma na fi so a yi wa karatun natsuwa. Kamfani ne yake ɗauko hayar motar, yawanci na shekara biyu zuwa huɗu, da inshora da gyara a ciki, ana cire kuɗin daga albashi kafin haraji. Abin da ma'aikaci yake biya wa haraji shi ne wani kaso na farashin motar. Ga mai lantarki zalla, kason ya kasance sifili a shekarar haraji ta 2020, ya tsaya a kashi 2 daga 2022 zuwa 2025, ya koma 3, sannan 4 daga Afrilun 2026, 5 a 2027, 7 a 2028, 9 a 2029. Na mota mai fetur yana iya kaiwa kashi 37. Motar lantarki ta fam 35,000 a kan kashi 4 tana nufin za a lissafa fam 1,400 a matsayin ƙarin samu, mai biyan kashi 20 ya biya fam 280 a shekara. Idan aka tsaya a nan, ciniki ya yi kyau.

Amma a ɗauki nas da take aiki a NHS, hukumar kiwon lafiya ta gwamnati, ta ga sabuwar mota a shafin ma'aikata, fam 450 a wata kafin haraji, wato fam 5,400 a shekara. Fanshon NHS ba asusu ba ne da ake tara kuɗi a ciki. A tsarin 2015, kowace shekara ana ɗaukar kashi ɗaya cikin 54 na albashin da ake lissafa wa fansho a rubuta mata shi a matsayin abin da za a riƙa biyan ta duk shekara bayan ritaya, har ƙarshen rayuwa. Sadaukarwar mota tana rage wannan albashin. Fam 5,400 a raba 54, fam 100 ke nan. Hayar shekara uku ta share mata fam 300 daga fanshon kowace shekara, tun kafin a sa ƙarin da ake yi wa adadin duk shekara saboda tsadar rayuwa. Idan ta yi shekara ashirin tana karɓar fansho, fam 6,000 ne a ƙalla. Gaskiya ne zubin da ake cire mata na fansho ma ya ɗan ragu a shekarun hayar, kuma wannan yana cikin abin da ya sa motar ta yi kamar ta yi araha a takardar wata. Sai dai abin da ta rage a zubi bai kama ƙafar abin da ta rasa a karɓa ba. Ga shi kuma bayan shekara uku motar ba tata ba ce, mayarwa za ta yi. Idan ta bar aikin kafin wa'adi, ko ta koma wani asibitin da ba ya cikin tsarin, akwai tarar katse yarjejeniya a yawancin irin waɗannan kwangiloli, kuma mai zama da bizar aiki ya fi kowa sanin cewa aiki yana iya sauyawa ba shiri. Daga Afrilun 2028 kuma gwamnati ta ce motar lantarki za ta fara biyan fenni 3 a kan kowane mil. Ban ce kada a karɓa ba. Ga mai biyan kashi 40 a kamfani mai zaman kansa, wanda fanshonsa ake lissafawa a kan albashinsa na asali, wanda kuma dama zai sayi sabuwar mota, ribar a fili take. Ga nas ɗin nan, sai ta sa fam 300 ɗin a cikin farashin kafin ta yanke.

Haka abin yake bin duk wani haƙƙi da aka ɗaura a kan adadin albashi. Kuɗin hutun haihuwa na doka yana biyan kashi 90 na matsakaicin albashin mako a makonni shida na farko, kuma ana auna matsakaicin ne daga makonni takwas da suke ƙarewa wajen mako na 15 kafin ranar haihuwa. Mace mai ciki da sadaukarwarta take gudana a waɗannan makonni, da ragaggen albashin za a auna ta. Mai neman bashin sayen gida zai tarar wasu bankuna suna duba albashin asali, wasu suna duba na bayan ragi. Kuɗin da ake biyan iyali idan ma'aikaci ya rasu yana bakin aiki, wanda galibi ninkin albashi ne, da kuɗin ƙarin awanni, duk ya danganta da ko kamfanin ya rubuta cewa zai ci gaba da lissafi da tsohon adadin. Kamfanonin kirki suna rubutawa. A nema a gani da ido a cikin takardar sauya kwangilar, domin sauya kwangila ce ake yi, ba cire kuɗi kawai ba, kuma ban da fansho, ba kasafai ake fita daga ciki yadda aka ga dama ba sai da wani babban dalili kamar aure, rabuwa, ciki ko rasa aikin abokin zama. Mai bizar aiki kuma, wanda zamansa ya rataya a kan wani adadin albashi, ya sa ofishin da ya ɗauki nauyin bizarsa ya tabbatar masa a rubuce cewa ragin ba zai taɓa matsayinsa ba.

Fanshon ma, duk da na fi yarda da shi, yana da nasa sharaɗi mai nauyi ga wanda yake da iyali a gida. Kamar adashe ne da kwasarka ba ta zuwa sai ka kai shekara 55, kuma daga 6 ga Afrilun 2028 sai 57. Ko ka tattara ka koma Kano ko Zinder, kuɗin suna nan da sunanka, amma ba ka isa ka taɓa su ba kafin lokacin. Idan lokacin ya yi, kashi 25 ne ake ɗauka ba haraji, sauran ana lissafa su a matsayin kuɗin shiga. Wanda yake biyan kuɗin makarantar ƙanne, yana ginin gida, yana tara kuɗin sabunta biza na mutum huɗu, yana da hujja idan ya tsaya a mafi ƙarancin zubi. Abin da ba shi da hujja shi ne ficewa gaba ɗaya, domin tun 2019 doka ta wajabta wa kamfani zuba aƙalla kashi 3 cikin jimlar kashi 8, kuma wanda ya fita ya bar wa kamfani wannan kason. Masu gudun riba ta ruwa kuma su sani cewa sauya hanyar zubi ba ta sauya inda ake juya kuɗin. Asusun da ake jefa kowa a ciki idan bai zaɓa ba yana ɗauke da takardun bashi masu ruwa. Nest, tsarin fanshon ma'aikata da gwamnati ta kafa, yana da asusu mai bin Shari'a, haka ma da dama daga cikin manyan kamfanonin fansho, amma sai mutum ya shiga ya zaɓa da kansa.

Duk wannan lissafi yana gab da sauyawa. A kasafin 26 ga Nuwamban 2025, ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar cewa daga Afrilun 2029, fam 2,000 na farko ne kawai na sadaukarwar fansho za su tsira daga NI a shekara. Abin da ya haura, ma'aikaci da kamfani duk za su biya. Rangwamen harajin kuɗin shiga yana nan yadda yake. Hujjar gwamnati ita ce abin da baitulmali ke rasawa ta wannan ƙofa yana neman tashi daga fam biliyan 2.8 a 2017 zuwa biliyan 8 nan da 2030, kuma masu hali ne suke kwashe mafi yawa. Ba abin mamaki ba ne ya kumbura haka: an daskarar da iyakokin matakan haraji tun 2021, wannan kasafin ya ƙara wa'adin zuwa 2031, albashi yana hawa, mutane suna ta faɗawa kashi 40, kowa yana neman mafita.

Na yarda da ƙorafin, amma maganin bai faɗa inda ciwon yake ba. Mai fam 36,000 da ke zuba kashi 5 ba abin da zai same shi, sai albashi ya wuce fam 40,000 kashi 5 yake haura fam 2,000. Amma a ɗauki mai fam 45,000 da ya fara tara fansho a makare, kamar yadda yawancin waɗanda suka zo ƙasar da shekarunsu suke yi, ya ƙuƙuta yana sadaukar da kashi 10, wato fam 4,500. Rarar fam 2,500 za ta ci kashi 8, fam 200 ke nan a shekara. Mai fam 120,000 da ke sadaukar da fam 10,000 yana da rarar fam 8,000, amma a kashi 2 yake, don haka fam 160 zai biya, kuma kashi 60 ɗinsa na haraji yana nan ya tsira da shi. Wanda ya fi samu ya zuba fiye da ninki biyu, ya biya ƙasa da na matsakaicin. Matar gidan kula da tsofaffi kuwa ba a ƙara mata ko fenni ba.

Babban nauyin a kan kamfanoni zai sauka: fam 375 a kan mai fam 45,000, fam 1,200 a kan mai fam 120,000. Masu mayar wa ma'aikata rarar NI su ne za su fara janye hannu, tunda rarar ce take ƙarewa. Kuma da yake zubin da kamfani yake yi daga aljihunsa, wanda ba musanya ba ne, zai ci gaba da zama ba NI, ƙofa ta rage ga wanda yake da bakin yin ciniki: a rage masa ƙarin albashin baɗi, a ɗaga zubin kamfani tun a takardar ɗaukar aiki. Manaja da lauya suna iya zama su tsara wannan da kamfaninsu kafin 2029. Ma'aikacin da albashinsa yake kan jadawali ɗaya da na dubban mutane sai dai ƙungiyar ƙwadagonsa ta kai maganar teburin tattaunawa.